Yadda fure ke yaushi da tsufa bayan an yanke shi, da yadda za a ja masa kwana a zafin Damagaram

Mai yin adon wajen biki, da mai garkar da ya fara shuka furanni a gefen salati da kabeji, da uwargidan da ke son falonta ya yi kyau ranar salla, duk kukansu ɗaya a Damagaram: an yanko fure da safe yana sheƙi, kafin la'asar ya sunkuyar da kai. Daga nan sai a ce ƙasarmu ba ta fure ba ce, a koma wa na roba. Ban yarda da wannan hukunci ba. Zafinmu gaskiya ne, a watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, iskar hunturu kuma busasshiya ce ƙayau. Amma yawancin furannin da muke zubarwa ba su kai ga tsufa ba, ƙishirwa ce ta kama su, ita kuwa ƙishirwa tana da magani.

Yaushi daban, tsufa daban

Furen da aka yanke bai mutu ba. Yana numfashi, yana ƙona sukarin da ya tara a jikinsa, yana fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye. Abin da ya rasa shi ne saiwar da ke ba shi ruwa da uwar da ke ba shi abinci. Daga lokacin da wuƙa ta raba su, abu biyu ke bin sa.

Na farko yaushi. Idan ruwan da ke fita ya fi wanda ke shiga, ganye ya yi laushi, wuyan furen ya lanƙwashe. Ana ganin wannan sosai a jikin roz, wato furen wardi, domin ɗan wurin da ke ƙarƙashin kansa bai gama ƙwari ba, ruwa ne ke riƙe da shi a tsaye. Yaushi yakan zo cikin awa biyu ko uku, kuma idan an yi hanzari ana iya farfaɗo da furen.

Na biyu tsufa. Wannan tsari ne da ke cikin halittar furen. Aikinsa a jikin uwarsa shi ne ya jawo zuma da sauran ƙwari a yi barbara, idan an gama kuma sai shukar ta janye abincinta daga fatun furen, launi ya dushe, fatun su naɗe ko su zube. Babu mai mayar da tsufa baya. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage masa gudu, kuma abu uku ne ke ƙara masa gudun: zafi, da ƙarewar sukari, da wata iska da ake kira etilen.

Akwai abin mamaki a batun yaushi: fure na iya mutuwa da ƙishirwa alhali gindinsa na cikin ruwa tsundum. A cikin karan akwai siraran hanyoyi da ruwa ke bi zuwa sama, kuma a jikin shuka ruwan nan a ɗaure yake tun daga saiwa har ganye. Wanda ya taɓa zuƙo esans daga bido da tiyo ya san cewa da zarar iska ta shiga tiyon, ja ya tsaya. Haka ke faruwa a sa'ar yanka: karan ya zuƙi iska ta bakin yankan, iskar ta tsaya a hanya. Sai ƙwayoyin bakteriya su ƙarasa ɓarnar. Suna hayayyafa a ruwan kwalba, musamman mai ɗumi da ganye ya ruɓe a ciki, su taru a bakin yankan su toshe shi. Idan ruwan ya fara gurɓacewa har ido na iya gani, sun riga sun kai miliyoyi a cikin mililita ɗaya. Mafi yawan matakan da ke tafe yaƙi ne da waɗannan biyun, iska da bakteriya.

Mataki na farko: zaɓen furen da zai iya

Ba kowane fure ke jure yanka ba, kuma gara a san haka tun kafin a ɓata ruwa. Ibiskus, ɗan'uwan zoɓorodo, kwana ɗaya yake yi ko a jikin uwarsa. Bugenbil da ke lulluɓe katangu yana da kyau ƙwarai, amma idan an yanke shi da wuya ya wuni bai saki ba. Waɗanda ke son zafi kuma suke jure kwalba su ne zinniya, da marigol, da furen rana, da selosiya mai kai irin zankon zakara, da gomfirena mai ƴan dunƙulallun kawuna, da tuberoz mai ƙamshi. Mai garka a Mirya ko a bakin wani tafki da ke tunanin gwada furen sayarwa, da waɗannan ya kamata ya fara. Roz da gilayol, mai dogon kara da jerin toho, sun fi jin daɗin lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Gargaɗi guda kafin a wuce: kariya da loriye, wato laurier-rose da Faransanci, suna da guba a ruwan jikinsu da ganyensu. Kada a sa su a teburin abinci, kada a bar ruwan kwalbarsu inda yaro ko akuya za su kai baki, a kuma wanke hannu bayan an taɓa su.

Mataki na biyu: lokacin yanka da girman furen

A ba shukar ruwa da yammacin jiya, a yanka bayan sallar asuba kafin hantsi ya dubi ludayi. A wannan lokaci karan ya cika da ruwa kuma jikinsa da sanyi. Idan safiya ba ta samu ba, a jira dab da magariba, lokacin da shukar ta wuni tana tara sukari. Tsakar rana kuwa a bar ta kwata-kwata.

Kowane fure da lokacin da ya dace a yanke shi. Roz ana yanke shi sa'ad da korayen ganyen da ke rufe da toho suka koma baya, fatu ɗaya ko biyu suka fara sakewa. Idan tohon ya cika ɗaurewa ba zai buɗe ba, wuyansa zai karye tukuna. Gilayol, idan furen ƙasa ɗaya ko biyu sun nuna launi. Tuberoz, idan biyu ko uku na ƙasa sun buɗe. Furen rana, da fatunsa sun fara ɗagowa daga fuskar. Zinniya kuwa ba ta ƙara buɗewa bayan yanka, saboda haka sai ta buɗe sarai. A kama karan kamar taƙi ɗaya ƙasa da kan a girgiza shi a hankali, idan kan yana lilo ba ta nuna ba, idan ya tsaya ƙyam a yanka. A guji furen da garinsa ya riga ya zuba ko zuma suka gama yawo a kai, domin a furanni da yawa barbara ita ce ke buɗe ƙofar tsufa.

Mataki na uku: awar farko

A ganina nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Bokiti ke zuwa wurin fure cikin garka, ba a tara fure a hannu ko a kan buhu a ce sai an koma gida. A wanke bokitin da sabulu, a ɗauraye da ruwan jabel, ya zama mutum zai iya shan ruwa a cikinsa ba tare da ƙyanƙyami ba. Na roba ya fi na ƙarfe, domin tsamin da za a zuba daga baya yana cin ƙarfe. Wuƙa ko reza ta kasance mai kaifi da tsabta. Dakusasshen almakashi yana murƙushe hanyoyin ruwan ne. Dandatsa gindin kara da dutse, wanda wasu ke yi wai don ya sha ruwa, abinci kawai yake tara wa bakteriya.

Ana yanka ana tsomawa. A zage duk ganyen da zai shiga ruwa, a kuma rage na sama. A wurare masu laima ana barin ganye da yawa don kyau, amma a nan, inda iska ke shanye wanki cikin ɗan lokaci, kowane ganye ƙofa ce ta asarar ruwa. Biyu ko uku na kusa da kan sun isa. Ƙayar roz kuma kada a kankare ta har a fere bawon karan. Idan dole ne, a karya tsininta kawai.

Da an isa gida a sake yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindi, a karkace, kuma in da hali a yi yankan a ƙarƙashin ruwa mai tsabta cikin kwano, don a cire ɓangaren da iska ta shiga ba tare da wata ta sake shiga ba. Furen da ke fitar da farin ruwa irin madara, a tsoma santimita 2 na gindinsa a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 10 zuwa 20, ana kare kan daga tururi, sannan a sa shi a bokitinsa shi kaɗai.

Sai a kai bokitin ɗaki mafi sanyi da duhu a gidan, a bar shi awa 3 zuwa 4 ko ya kwana, kafin a fara jera shi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin na tsofaffin gidajen Birni, ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Gilayol a tsayar da shi sak; idan ya kwanta, tsininsa zai lanƙwasa ya nufi sama cikin ƴan awoyi kuma ba zai miƙe ba.

Mataki na huɗu: ruwan da za a ba shi

Kowa ya san tsadar ruwa a garin nan, kuma sau da yawa wanda ke gida ya kwana biyu a tano ko a bido. Wannan ruwan ya riga ya ɗauki ƙwayoyinsa. Wanda ake sha shi za a ba fure. Idan ruwan rijiya ne mai ɗanɗanon gishiri ko kanwa, a nemi wani, domin ruwa mai kanwa ba ya saurin hawa kara.

Fure na buƙatar abu uku a ruwansa: sukari don ya ci gaba da numfashi ya kuma buɗe tohonsa, tsami don ruwan ya riƙa hawa da sauƙi, da abin da zai kashe bakteriya. Ƴar ledar garin da ke zuwa tare da furen kanti a ƙasashen waje, abin da ke cikinta ke nan. Ga yadda ake haɗawa a gida, a lita ɗaya ta ruwa: babban cokali biyu na ruwan lemun tsami da aka tace, babban cokali ɗaya na sukari, wato kamar ƙwaya biyu zuwa uku na sukarin shayi, da rubu'i zuwa rabin ƙaramin cokali na jabel irin na wanki. Idan jabel ɗin mai ƙarfi ne wanda ake surkawa, a surka shi tukuna yadda aka rubuta a jikinsa.

Ina roƙo a kula da wannan: kada a taɓa zuba jabel kai tsaye a kan ruwan lemun tsami. Haɗuwarsu ba surki tana fitar da iska mai ƙona ido da huhu. A cika ruwan lita ɗin tukuna, a zuba lemun tsami da sukari a motsa, jabel ya zo a ƙarshe, kuma a yi haɗin a tsakar gida.

Sukari shi kaɗai ba tare da jabel ba ya fi ruwa zalla illa, domin kafin furen ya amfana bakteriya sun riga shi. Wanda ba shi da jabel ya bar sukarin, ya riƙa canza ruwa kullum. Zinniya ba ta son zaƙi da yawa, a ba ta rabin awon. Gilayol da tuberoz kuwa, masu jerin toho da ke jiran buɗewa, masu sana'ar fure sukan tsoma gindinsu kwana ɗaya a ruwan da ke da sukari gram 200 a lita, sannan su mayar da su ruwa na yau da kullum. Hakan na sa tohon sama su buɗe har tsini. Idan babu lemun tsami, lemun kwalba fari mai sukari, kashi ɗaya a haɗa da kashi uku na ruwa, da ɗigon jabel, yana yin aikin. Aspirin da kwabon da ake jefawa a kwalba kuwa ba abin dogaro ba ne.

Mataki na biyar: sanyi, ko da babu kuran

Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin numfashin fure sau biyu zuwa uku. A lissafa tazarar da ke tsakanin ɗakin sanyi da falonmu a watan Mayu, za a ga dalilin da ya sa abin da zai yi mako a wani wuri yake ƙarewa a kwana biyu a nan. Gonakin roz na bakin tafkin Naibasha a Kenya, da babbar kasuwar gwanjon furanni ta Alsmir a Holan, duk kasuwancinsu a kan sanyi ya ginu: roz na zama a digiri 0 zuwa 2 ko kusa da haka tun daga gona har jirgi. Saboda haka wanda ya yi odar roz daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko daga Kano, ya sani cewa awoyin da kwalin ya yi cikin zafin mota sun riga sun ci wani kaso na kwanakin furen. Da isowarsa a buɗe, a sake yanke gindi, a ba shi ruwa ya huta kafin komai.

Firigo na gida yana taimakawa da dare, da sharaɗi uku: kada furen ya taɓa bangon baya inda ƙanƙara ke kamawa, a lulluɓe kan da leda sako-sako don iskar firigo busasshiya ce, kuma kada a haɗa shi da kayan marmari. Firizar ƙanƙara kuwa kashe shi za ta yi. Furannin ƙasashe masu zafi, irin su anturiyom da helikoniya da yawancin okid, ba sa jure abin da ya gaza digiri 10, baƙi suke yi. Zinniya ma ba ta son tsananin sanyi.

Inda kuran ba ta da tabbas, muna da abin da kakanninmu suka bar mana. Sabuwar randa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, ruwan yana bin iska yana tafiya da zafi, kuma busasshiyar iskarmu ce ma ta fi dacewa da wannan. A zuba ruwan fure a randa ko tulu, ko a sa bokitin cikin babbar tukunya a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Wannan dabarar tukunya cikin tukunya ce malami Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan lambu, har ta ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. A kafa ƴan sanduna a kewaye, a yafa jiƙaƙƙen zane ko buhun algarara a sama ba tare da ya taɓa furen ba, a ajiye a inuwa inda iska ke ɗan kaɗawa. Da damina, lokacin da iska ke da laima, dabarar ba ta sanyaya sosai, kuma a lokacin ne furfurar ruɓa ke kama fatun roz idan sun jiƙe. Kada a yayyafa wa kan roz ruwa sannan a rufe shi a leda.

Mataki na shida: nesa da mangwaro da hayaƙi

Etilen iska ce da ido ba ya gani, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba a iskar ɗaki ya isa ya tsofar da fure mai rauni a dare ɗaya. Wani masani ɗan Rasha, Nelyubof, shi ya gano a 1901 cewa ita ce ke lalata tsiron da ke kusa da iskar fitilun gas, a 1934 kuma Richard Gane a Ingila ya nuna cewa ƴaƴan itace da kansu suna fitar da ita. Mu ma mun san aikinta ko da ba mu san sunanta ba: ita ce ke sa ɗanyen mangwaro ya nuna da wuri idan an rufe shi tare da nunanne.

Mangwaro da ayaba da tumatir da gwanda da suka nuna duk suna fitar da ita. Hayaƙi ma yana ɗauke da ita: na gurup, na kabu-kabu, na taba, na gawayi, har da turaren wuta. Na san ɗakin amarya ba ya cika sai da turare, kuma ba zan ce a bar shi ba. A fitar da furen kafin a sa kasko, a dawo da shi bayan hayaƙin ya washe. Wanda ya sayo kaya a Kasuwar Dole kada ya haɗa fure da tumatir a leda ɗaya ko a bayan mota ɗaya. Furen da ya tsufa ko ya ji rauni shi ma yana fitar da etilen ya cuci na kusa da shi, don haka a riƙa tsince shi. Furannin kaneshin da okid sun fi kowa jin wannan iska, wasu irin roz ma suna ji, gilayol kuwa bai cika damuwa da ita ba. Manyan gonaki suna kare furensu da maganin azurfa ko da wani sinadari mai suna 1-MCP. Mai gida nisantarwa ta ishe shi.

Kulawar kullum da ranar biki

Da bazara a canza ruwa kowace rana, da sanyi kowane kwana biyu. A wanke kwalbar kanta, a sake yanke santimita ɗaya, a yi sabon haɗi, domin ƙarfin jabel yana gushewa da sauri a ruwa mai tsami. Kada a ajiye kwalba a bakin taga, ko kan talabijin, ko gaban fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗakin mai sanyi yana da kyau, amma iskar da ke bugun furen kai tsaye tana busar da shi.

Masu ado, ku shirya komai a inuwa, ku fitar da shi wajen taro a ƙarshen ƙarshe, bayan an gama kafa rumfa da jera kujeru. Idan kuna aiki da koren soson da ake soka fure a ciki, ku ɗora shi a kan ruwan haɗin ya nutse da kansa; idan kuka danna shi da hannu, waje zai jiƙe tsakiya ta zauna a bushe, karan kuma a tsakiyar yake sha.

Idan roz ya riga ya sunkuyar da kai, kada a yi saurin zubarwa. A duba fatun: idan da sauran launi da ƙwari, ƙishirwa ce. A yanke santimita 3 zuwa 5 a ƙarƙashin ruwa, a kwantar da furen gaba ɗaya har kansa a baho mai ruwan ɗumi irin na wankan jariri, kamar digiri 40, na minti 30 zuwa awa ɗaya. Sannan a naɗe kan da takarda don wuyan ya miƙe, a tsayar da shi a ruwa mai zurfi a wuri mai sanyi. Sau da yawa yakan tashi. Idan kuwa fatun sun yi duhu a gefe ko suna zubewa da an taɓa, tsufa ne, a cire shi daga cikin sauran.

Gomfirena da selosiya suna da wata hanyar kuma. Kafin su fara dushewa a fitar da su daga ruwa, a zage ganyen, a ɗaure su ƙanana-ƙanana, a rataye kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska ke ratsawa. Da hunturu mako ɗaya zuwa biyu ya ishe su bushewa, kuma suna riƙe launinsu watanni idan rana ba ta dukan su.